Duwatsun Birnin Gwari da Dajin Kamuku: Abin da ya kamata mai yawo a ƙasa ya sani

Sunan Birnin Gwari ya daɗe yana zuwa wa mutanen birni ta hanyoyi biyu. Ɗan kasuwa ya san shi a matsayin ƙasar masara da dawa da katako da shanu, ma'aikacin gwamnati kuma ya san shi a rahotannin tsaro da labaran fashi a kan titin Kaduna. Akwai fuska ta uku da ba a cika magana a kanta ba, wato ta tsaunuka da falalen duwatsu da koramu, waɗanda suka sa gwamnatin tarayya ta keɓe wani yanki na dajin a matsayin gandun daji na ƙasa. Wannan maƙala ta tattara bayani kan yanayin ƙasar, da asalin duwatsunta, da tarihin da ke tattare da su, da kuma sharuɗɗan da suka wajaba a kan duk wanda ya yi niyyar taka su da ƙafa.

Inda yankin yake

Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, kuma tana iyaka da jihohin Neja da Zamfara da Katsina. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 6,000, ƙidayar 2006 kuma ta nuna tana da mutum kimanin 250,000. Tana da mazaɓu 11, daga cikinsu akwai Kuyello da Dogon Dawa da Kakangi da Randagi da Tabanni da Kutemeshi da Gayam da Kazage. Hedikwatarta ita ce fadar Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubair Jibril Mai Gwari II.

Babban titin da ya tashi daga Kaduna ya bi ta Buruku da Udawa ya shiga garin, sannan ya zarce zuwa Tegina da Mokwa da Jebba. Shi ne tsohuwar hanyar Legas da direbobin manyan motoci suka sani. Tsakanin Kaduna da Birnin Gwari tafiyar kusan kilomita 120 ce. Wani titin kuma ya nufi arewa maso gabas zuwa Funtuwa. Garin da ake gani yau a bakin titi sabon mazauni ne, domin Tsohuwar Birnin Gwari tana nan daban a arewa da shi.

Gandun Dajin Kamuku

Dajin da ake kira Kamuku ya fara zama gandun daji ne a 1936 ƙarƙashin En'e ta Birnin Gwari. A 1985 aka ɗaga matsayinsa ya zama gandun namun daji na Jihar Kaduna, sai a 1999 gwamnatin tarayya ta karɓe shi ta mayar da shi gandun daji na ƙasa, a shekara guda da na Okomu da ke Jihar Edo. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,121. Ta arewa maso yamma Kogin Mariga ne ya raba shi da gandun Kuyambana na Jihar Zamfara. Mariga kuwa yana gangarawa kudu ya zuba a Kogin Kaduna a cikin Jihar Neja, don haka ruwan da ya sauka a duwatsun Kamuku ƙarshensa a Kogin Kwara yake.

Galibin gandun shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce da ke hawa a hankali zuwa jerin tuddan da ke iyakarsa ta gabas. A tsakiyar wannan shimfiɗa ne duwatsu suke tasowa ɗaiɗai, kuma uku daga cikin wuraren sun fi shahara. Na farko shi ne Goron Dutse, wani ƙaton dutse guda mai sulɓi da ke tsaye shi kaɗai, jikinsa da zane-zanen baƙi da fari. Sunansa ɗaya da Goron Dutsen Kano, amma halittarsu ta bambanta, domin na Kano tudu ne mai marmara a kansa. Na biyu shi ne Tsaunin Rema, tarin manyan duwatsu da suka hau kan juna, wanda ya samo sunansa daga yawan remar da ke zaune a kogunansa. Na uku shi ne mafaɗar ruwa ta Dogon Ruwa, wadda ta fi ban sha'awa a ƙarshen damina.

Yadda duwatsun suka samu

Ƙasar Birnin Gwari tana kan tsohon harsashin dutse da ya shimfiɗu a ƙarƙashin galibin arewa maso yammacin Najeriya. Masana ilimin duwatsu sun raba abin da ke nan gida biyu. Akwai duwatsu masu hawa-hawa kamar shafukan littafi, waɗanda suka miƙe daga arewa zuwa kudu a dogayen zirare. Biyu daga cikin waɗannan zirare an raɗa musu sunayen Birnin Gwari da Kushaka, kuma ɗaliban wannan fanni a jami'o'in ƙasar nan suna karanta su da waɗannan sunaye. Akwai kuma dutsen garanayit, irin wanda ake fasawa a yi tsakuwar gini da ta titi.

Garanayit narkakken dutse ne da ya kutsa cikin tsofaffin duwatsu a can ƙarƙashin ƙasa, ya huce a hankali har ƙwayoyinsa suka girma ana ganinsu da ido. Na wannan yanki ya samu ne kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, a ƙiyasin masana. Wani masani ɗan Birtaniya, John Falconer, shi ne a 1911 ya bambance shi da na tsaunukan Jos, ya kira na nan tsoho, na Jos kuma sabo. Bambancin yana da amfani ga ɗan kasuwa: kuza da ta yi wa Jos suna tana tare da sabon garanayit, zinariyar Birnin Gwari kuwa tana cikin jijiyoyin farin dutse da suka ratsa duwatsu masu hawa-hawa. An haƙi zinariya a kusa da Tsohuwar Birnin Gwari tun zamanin Turawa, musamman a shekarun 1930, kuma har yau masu haƙar hannu ba su bar wajen ba.

Dalilin da ya sa dutse yake tsayawa shi kaɗai a tsakiyar fili shi ne bambancin ƙarfi. Ruwan sama yana ratsa tsagogi ya ruɓar da dutse a ƙarƙashin ƙasa. Inda tsagogi suka yi yawa sai dutsen ya narke ya zama ƙasa, inda babu su sai ya zauna daram. Da zaizaya ta kwashe ruɓaɓɓen, sai mai ƙarfin ya fito fili. Idan gundumemen dutse ne mara tsaga sai ya fito da sulɓi kamar kifaffiyar ƙwarya, irin Goron Dutse. Idan tsagogi sun yanka shi gunduwa-gunduwa sai ya fito a tarin duwatsu, irin Tsaunin Rema. Masana suna kiran irin wannan dutse da kalmar Jamusanci inselberg, ma'anarta tsibirin dutse. Kufena na Zariya da Dutsen Kwatarkwashi na Zamfara da Zuma da ke jikin takardar Naira 100 duk 'yan gida ɗaya ne da su. A kudu maso yammacin Ingila ma, tuddan Dartmoor da aka mayar gandun ƙasa a 1951 suna da irin waɗannan tarin duwatsu na garanayit, kuma hawansu da ƙafa ya zama sana'ar da ƙauyukan wajen suke ci da ita.

Duwatsu a tarihin mutanen yankin

Gwarawa, waɗanda suke kiran kansu Gbagyi, da Kamukawa su ne tsofaffin mazauna wannan ƙasa, kuma daga sunayensu garin da gandun suka samo nasu. Hausawa da Fulani sun daɗe da zama tare da su, ta yadda Hausa ce harshen kasuwa da fada. Ƙasar tana da tsohuwar alaƙa da Katsina, kuma tana kan hanyar fatake da ta haɗa ƙasar Nupe da Zariya da Kano. Ta wannan hanya ce Bature mai yawon bincike Hugh Clapperton ya bi a 1826 kafin ya isa Kano.

A ƙarni na 19, lokacin da hare-haren bayi suka tsananta, musamman daga Kwantagora a zamanin Umaru Nagwamatse da ɗansa Ibrahim, tsaunuka sun zame wa ƙananan al'ummomin ƙasar Gwari da Kamuku mafaka. Doki ba ya hawa falalen dutse, kuma wanda ke sama yana hango ƙurar mahara tun daga nesa. Bayan Turawa sun ci Kwantagora a 1901, sannu a hankali mutane suka sauko zuwa filayen noma. Shi ya sa a tsaunukan wannan shiyya akan iske kufai da fasassun tukwane da duwatsun niƙa da ragowar ganuwar dutse. Waɗannan abubuwa shaidar tarihi ne, kuma wasu wuraren har yanzu suna da alfarma a wajen zuriyar waɗanda suka zauna a cikinsu. Bai halatta baƙo ya ɗauke komai daga kufai ba, ko ya shiga wurin da masu gari suka ce a kauce masa.

Itatuwa da namun daji

Dajin Kamuku irin wanda itatuwa suke tsaye a warwatse cikin dogayen ciyayi ne. Doka ce ta fi yawa, sai baushe da taura da maje da ƙirya da ɗorawa da tafashiya. A bakin koramu daji yakan yi duhu, har a sami kwakwar manja. Gamba ita ce babbar ciyawa, kuma a ƙarshen damina takan fi mutum tsawo. A jikin duwatsu kuwa akan ga itatuwan da suka saba da ƙarancin ƙasa, irin su hano da kukkuki da dangin ɓaure masu cusa saiwa a tsaga.

Dabbobin da aka rubuta a gandun sun haɗa da giwa da gwanki da kanki da mazo da gada da mugun dawa da gwaggon biri da jan biri. An ƙidaya tsuntsaye aƙalla iri 177, cikinsu har da burtu da tuje. Rema, wadda mai hawa dutse zai fi saurin gani tana shan hantsi, ƙaramar dabba ce mai kama da zomo mara dogon kunne, amma masana sun tabbatar da cewa giwa tana cikin danginta mafi kusa. Wannan lissafi na lokacin da gandun yake cikin hayyacinsa ne. Shekarun farauta da kiwo da ƙarar bindiga sun rage manyan dabbobi ƙwarai.

Batun tsaro

Duk wata magana kan yawo a wannan daji tana rataye ne a kan tsaro. Dajin Kamuku a haɗe yake da Kuyambana da dazuzzukan Neja da Katsina, kuma abin da ya sa ya zama mafakar namun daji shi ne ya sa ya zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane. A 2015 gwamnonin jihohin da ke kewaye da shi suka haɗa hannu da sojoji don fatattakar ɓarayin shanu. A watan Mayun 2018 an kashe mutum fiye da 40 a harin ƙauyen Gwaska, abin da ya sa aka girke rundunar soja a Kamfanin Doka. A watan Satumban 2021 gwamnatin Kaduna ta hana sare itatuwa a wasu ƙananan hukumomi har da Birnin Gwari, ta kuma sa aka katse layukan waya na kusan wata biyu. An kuma sha ba da rahoton ayyukan ƙungiyar Ansaru a gabashin ƙaramar hukumar.

A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, ya karɓi 'yan bindigar da suka ajiye makamai, ya kuma sake buɗe kasuwar kara da ta shafe shekaru a rufe. Daga nan zirga-zirga ta ƙaru a titin Kaduna, manoma da dama suka koma gonakinsu. Sai dai lafiyar babban titi daban, lafiyar ƙurmin daji daban, kuma hali yakan sauya daga mako zuwa mako. Don haka sharaɗi na farko shi ne neman izini da shawara daga ofishin gandun da ke Birnin Gwari, wanda ke ƙarƙashin Hukumar Kula da Gandun Daji ta Ƙasa, tare da sanar da jami'an tsaro da hakimi ko dagacin wurin. Dokar gandun daji ta haramta shiga ba tare da izini ba, ta kuma haramta farauta da kiwo da sare itace da kunna wuta a ciki. Idan hukuma ta ce a dakata, babu dutsen da ya kai ran mutum. Mai sha'awar hawa yana iya fara gwada ƙafarsa a Kufena ko duwatsun Kajuru, bayan ya tambayi halin da wuraren suke ciki.

Lokacin da ya fi dacewa

Damina takan fara a watan Mayu ta ƙare a Oktoba, kuma ruwan da ke sauka a shekara ya haura milimita 1,000. A wannan lokaci koramu sukan cika cikin sa'a guda, hanyoyin burji su lalace, ciyawa ta rufe turba. Falalen dutse idan ya jiƙe yakan yi santsi kamar an shafa sabulu, musamman baƙaƙen layukan da ruwa ke bi, inda gansakuka take. Tsawa kuma tana faɗa wa wuri mafi tsawo, don haka da hadari ya haɗu sai a sauka.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi dacewa. Dutse ya bushe, iska ta yi sanyi, hanya ta buɗe. Kaka tana da kyawun kore da ruwa a Dogon Ruwa, tsakiyar hunturu kuma tana da hazo mai rage hangen nesa da haɗarin gobarar daji. A bazara, wato Maris da Afrilu, zafi yakan kusanci digiri 40, dutse ya ɗauki rana har ya ƙona tafin hannu. A kowane lokaci, hawa bayan sallar asuba da saukowa kafin azahar shi ne tsari mafi aminci.

Shiri da ƙa'idojin tafiya

Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Jagora daga ma'aikatan gandun ko ɗan yankin da hukuma ta amince da shi wajibi ne, domin dajin doka kama ɗaya gare shi ta kowace fuska, kuma sabis na waya ba abin dogaro ba ne a ciki. A tafi a ƙungiya, a bar wa wani a gari sunayen matafiya da hanyar da za su bi da lokacin dawowa.

Wajen lissafin lokaci, masu hawa tsauni suna amfani da ƙa'idar da wani ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fitar a 1892: sa'a ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara sa'a ɗaya ga kowane hawan mita 600. Tafiyar kilomita 10 da hawan mita 300 za ta ci sa'a biyu da rabi ke nan, ban da hutu. Ga wanda ya saba da zaman shago ko ofis, da kuma zafin ƙasar nan, ya kamata a ƙara rabin wannan lissafi a kai. Mai hawan jini ko ciwon suga ko ciwon zuciya ya ga likita kafin ya fita.

Kayan da ake bukata ba su da yawa: takalmi rufaffe mai ƙasan roba, dogon wando mai kauri, malafa, sanda, tocila, ruwan sha aƙalla lita uku ga kowane mutum, gishirin hana bushewar jiki, da guzuri mara nauyi kamar dabino da ƙuliƙuli da kilishi. Ruwan da ya taru a kwarmin dutse ba na sha ba ne sai an tafasa. Tufafi masu ruwan ƙasa sun fi, domin baƙi da shuɗi suna jan ƙudan tsando a bakin koramu. A guji duk abin da ya yi kama da kakin soja.

A kan falalen dutse, ana taka tafin ƙafa gaba ɗaya, a riƙa gajerun taku, a bi tsaga ko inda dutse yake da kaushi. Jikin irin waɗannan duwatsu yakan ɓare falle-falle kamar albasa, don haka fallen da ya yi ƙarar fanko idan an buga shi da sanda ba abin takawa ba ne. Tabarmar ciyawar da ke manne a gangare ma takan zame da mutum. Saukowa ta fi hawa haɗari, domin gajiya ta shiga kuma ido ba ya ganin matakin da ke ƙasa, shi ya sa ƙa'ida ita ce kada a hau inda ba a tabbatar da hanyar sauka ba.

Macizai irin su kububuwa da kasa da kumurci suna fakewa a tsagogi, don haka ba a cusa hannu inda ido bai gani ba. Idan an yi sara, a kwantar da mutum, a cire zobe da agogo, a ɗaure gaɓar da sanda don kada ta motsa, a garzaya asibitin da ke da allurar dafin maciji. Tsagawa da tsotsa da ɗaure jijiya da igiya suna ƙara ɓarna ne. Ƙudan zuma ma suna gida a kogunan duwatsu, kuma turare mai ƙarfi da hayaniya suna tayar da su.

Abin da ke cikin haɗari

Amfanin wannan daji bai tsaya ga masu yawon buɗe ido ba. Itatuwansa ne suke riƙe ƙasa da ruwan da ke ciyar da Mariga da ƙananan koramu, kuma garin Birnin Gwari kansa ya dogara da madatsar Bagoma. Zaman lafiya da ya buɗe hanya ga manomi ya buɗe ta ga mai injin yanka katako da mai gawayi da mai haƙar zinariya, kuma buhunan gawayin da ake saukewa a birane suna da tushe a irin waɗannan dazuzzuka. Ƙirya, wadda maƙera da masu gawayi suka fi so, tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta girma.

A Disamban 2020 gwamnatin tarayya ta amince da ƙarin gandun daji na ƙasa guda 10, cikinsu har da Alawa a Neja da Kogo a Katsina da Falgore a Kano. Kamuku ya riga su da fiye da shekara 20, don haka abin da ya same shi darasi ne gare su: suna a takarda ba ya tsare daji sai da ma'aikata da kayan aiki da yardar mutanen da ke kewaye. Idan sulhun da aka ƙulla ya ɗore, aka gyara hanyoyin cikin gandun, aka horar da matasan ƙauyuka su zama jagorori, Goron Dutse da Tsaunin Rema da Dogon Ruwa suna iya kawo wa yankin kuɗin shiga da ba ya bukatar a sare ko da itace ɗaya. Wannan nauyi ne a kan gwamnatin tarayya mai gandun, da gwamnatin jiha mai kula da kewayensa, da masarauta, da kuma 'yan kasuwar da suke sayen abin da ke fitowa daga dajin.